Turawan Birtaniya a Ƙauyukan Faransa: Sayen Gida da Zaman Gari

 Mun saba idan aka ɗauko zancen ƙaura a Turai sai hankali ya tafi kan 'ya'yanmu da ke ratsa sahara da teku. Yau zancen wasu baƙi ne daban, waɗanda ba yunwa ta kore su ba, ba kuma yaƙi ba. Turawan Birtaniya ne da suka sayar da gidajensu, suka tsallaka ruwa, suka tare a ƙauyukan Faransa. Hukumar ƙididdiga ta Faransa, INSEE, ta ƙirga kimanin 148,000 daga cikinsu a shekarar 2016, kuma kaso mai tsoka yana can nesa da Paris, a lardunan Dordogne da Charente da Haute-Vienne da Creuse, sai cikin Bretagne da Normandie. Da yawansu 'yan fansho ne, wasu kuma magidanta ne masu ƙananan yara da suka gaji da tsadar birni. Abin da nake so in kafa wa hujja shi ne, zaman yau da kullum a ƙauyen Faransa, tun daga ramin masai har zuwa rabon gado, a kan abu biyu yake tafiya, harshen Faransanci da maƙwabci. Baƙon da ya sa kuɗinsa ya kewaye waɗannan biyun, ɗage ranar haɗuwa da su kawai ya yi zuwa lokacin da ƙarfinsa ya ƙare.

Gida ne ya fara jawo su. Tun daga shekarun 1980 farashin gidaje a kudancin Ingila ke ta hauhawa, alhali karkarar Faransa ta daɗe tana zubar da mutanenta. Lardin Creuse ya ishe mu misali: a ƙarshen ƙarni na 19 mutanensa sun haura 280,000, yau ba su kai 120,000 ba. Yaƙin duniya na farko ya ci samari, injunan noma suka rage buƙatar hannu, sauran matasa suka bi aiki birni, aka bar gidajen dutse da rumbuna da garake a kulle, magada na neman wanda zai raba su da su. A 1989 Peter Mayle ya fitar da littafinsa A Year in Provence, ya sayu ƙwarai, ya cusa wa mutanen Ingila sha'awar tsohon gida a ƙasar da rana ke fitowa. A 1994 aka buɗe hanyar jirgin ƙasa ta ƙarƙashin teku, sannan a farkon shekarun 2000 jiragen sama masu arha suka fara sauka a ƙananan filaye irin na Bergerac da Limoges. Sai ya zama mutum ya sayar da ɗan matsattsen gidansa a gefen Landan, ya sayi gida da gona da rijiya a Charente, har canji ya rage masa. To amma Bahaushe ya ce araha ba ta ado. Galibi a watan Yuli ko Agusta ake zuwa ganin gida, gari ya yi haske, kasuwa ta cika. Bangon dutsen nan mai kauri da ke ba da sanyi mai daɗi a lokacin zafi, shi ne zai cinye itace a watan Janairu, lokacin da rabin tagogin ƙauyen suke a rufe, gidan burodi mafi kusa kuma sai an tuƙa mota. Itacen ma yana da ƙa'ida. Da wani ma'auni da suke kira stère ake sayar da shi, wanda kuma bai yi magana da mai itace tun kafin sanyi ya kama ba, ɗanye zai samu, mai hayaƙi ba ɗumi.

Mu ɗauki cinikin kansa. A Faransa ba a kammala sayen gida sai a gaban notaire, jami'in shari'a da hukuma ta naɗa, wanda 'yan'uwanmu na Nijar suka sani sarai tunda tsarin suka gada. Ana sa hannu a yarjejeniyar farko, a ba mai saye kwana 10 ya yi shawara ko ya fasa, bayan wata biyu ko uku a dawo a sa hannu a ta ƙarshe. Abin da ake biya ta hannun notaire a kan tsohon gida yakan kai kashi 7 zuwa 8 cikin ɗari na farashi, akasarinsa harajin gwamnati ne. Aikinsa shi ne ya tabbatar ciniki ya bi doka, ba zai ja ka gefe ya ce maka kada ka saya ba. A cikin tulin takardun da za a karanta da Faransanci akwai rahoton ƙwararru kan wayoyin wuta da gubar dalma a tsohon fenti, da gara a yankunan da take ɓarna, akwai kuma rahoton wata hukuma da ake kira SPANC. Gidajen da ke warwatse a bayan gari ba su haɗe da magudanar gari, kowanne da ramin masansa a bayan gida, wannan hukuma ce ke zuwa ta ɗaga murfi ta duba. Idan ta ce rami bai cika ƙa'ida ba, doka ta ba sabon mai gida shekara ɗaya ya gyara, gyaran kuma yakan ci dubban yuro, wani lokaci ya haura 10,000. A cikin takardun nan ne kuma za a ga cewa maƙwabci yana da haƙƙin ratsa tsakar filinka da tarakta tun zamanin kakanni. Akwai ma tarkon da ba a rubuce yake ba: ka bar manomi ya riƙa yankan ciyawar gonarka yana ba ka ɗan wani abu duk shekara, dokar hayar gona ta Faransa na iya ɗaukar wannan a matsayin haya ta shekara tara, ko da baki kuka yi ta. Tafinta zai fassara maka abin da ke kan takarda. Wannan na ƙarshe kuwa sai wanda ya zauna da mutanen gari yake jinsa.

Daga nan sai gyara, kuma a nan ne kuɗin mutane da yawa ya nutse. Maginin gari da kafinta da mai gyaran rufi ba su da yawa, aiki ya yi musu layi na watanni, ba sa kuma ɗaga guduma sai an sa hannu a takardar ƙiyasin kuɗin aiki. Sai Bature ya gaji da jira, ya juya ga ɗan ƙasarsa da ya ce shi ma magini ne, suna jin juna, kuma zai fara ranar Litinin. A cikinsu akwai ƙwararru masu rajista da gaskiya, ba na ɗora wa kowa laifi. Amma akwai wanda bai taɓa ɗora dutse a kan dutse ba sai da ya sauka daga jirgi. Dokar Faransa tun 1978 ta wajabta wa magini inshorar da ke lamunce babban aikinsa har shekara 10. Wanda ya ba mara rajista aiki ba shi da wannan lamuni, yana iya shiga laifin ɗaukar ma'aikacin ɓoye, kuma ranar da ya tashi sayar da gidan za a tambaye shi takardun aikin ya rasa. Kafin a taɓa fuskar gida ma, ko taga za a sauya, sai an shigar da sanarwa a ofishin magajin gari, idan kuma gidan yana cikin mita 500 daga wani ginin tarihi, sai jami'in gwamnati mai kula da tsoffin gine-gine ya sa baki har a launin fenti. Ga bututun hayaƙi da dole a share shi duk shekara a karɓi shaida, domin in gobara ta tashi kamfanin inshora zai nema.

Wannan ya kawo mu ga takarda, wadda ita ce abin da Turawan Birtaniya suka fi kuka da shi. A ƙasarsu babu katin shaidar ɗan ƙasa na dole, abubuwa da yawa da waya ake gama su. A Faransa kusan duk ƙofar da ka ƙwanƙwasa za a ce ka kawo shaidar wurin zama, galibi takardar kuɗin wuta da ba ta wuce wata uku ba. Soke yarjejeniya ko kai ƙorafi sau da yawa sai da wasiƙa mai rajista wadda mai karɓa zai sa hannu. Ka rubuta cak babu kuɗi a asusu, in ba ka gyara ba ana iya hana ka rubuta cak har shekara biyar. Duk wannan da Faransanci ake yinsa, kuma ba don ƙeta ba: tun 1539 sarki François na ɗaya ya kafa dokar cewa da Faransanci za a riƙa rubuta takardun shari'a da na hukuma, tsarin mulkin ƙasar na yau ma ya nanata cewa shi ne harshen jamhuriya. Sai dai wannan tsari mai tsauri yana da fuska ta mutum, kuma ita ce baƙi da yawa ba sa gani. Faransa tana da gundumomi kusan 35,000, kusan rabinsu mutanensu ba su kai 500 ba, kowace kuma da zaɓaɓɓen magajin gari. A ƙaramin ƙauye magajin garin nan ya fi kama da mai unguwa a wurinmu: manomi ne ko malamin makaranta mai ritaya, ya san iyakar kowace gona, ya san wanda ke rigima da wane. Sakatariyarsa wataƙila safiya biyu kawai take buɗe ofis a mako, amma ita ta san wace takarda ce za ta wuce da wadda za a dawo da ita. Baƙon da ya je ya gabatar da kansa a makonsa na farko, ko da gurguwar Faransanci, ya sami mai yi masa jagora kyauta. Wanda bai taɓa taka ofishin ba sai ranar da ya zo da ƙorafi, doka za a karanta masa, kuma dokar ba za ta yi ƙarya ba.

Haka abin yake a kan titi. Ka shiga gidan burodi ko kantin magani ba ka gaida kowa ba, an rubuta ka a marasa tarbiyya, kuma mai sauraro Bahaushe ba ya buƙatar a yi masa bayanin wannan. Da sha biyun rana kantuna da ofisoshi da yawa suna rufewa sai ƙarfe biyu. Ranar Lahadi a yawancin larduna injin yankan ciyawa yana da 'yan sa'o'insa na safe, ƙona sharar lambu kuma an hana. Daga Satumba zuwa ƙarshen Fabrairu lokacin farauta ne, Faransa na da mafarauta kusan miliyan guda, sai ka wayi gari ka ga mutane da riguna masu launin lemo da karnuka a bakin gonarka suna bin aladen daji. Baƙo na da damar ya ƙi son farauta, Faransawa da yawa ma ba sa so. Amma ya kamata ya san cewa aladen nan su ne ke tone masarar maƙwabcinsa, kuma mafarautan nan su ne kansiloli, su ne 'yan kwana-kwana na sa-kai da za su zo in gidansa ya kama wuta. Karkarar Faransa ta riga ta nuna matsayinta game da sabon zuwa mai ƙorafi. A 2019 kotu ta yanke hukunci a kan wani zakara mai suna Maurice a tsibirin Oléron, wanda wasu masu gidan hutu suka kai ƙara saboda cararsa. Faransawa ne masu ƙarar, a faɗi gaskiya, ba Turawan Ingila ba. Zakara ya yi nasara, kuma a Janairun 2021 majalisa ta yi dokar da ta sa sautuka da ƙamshi da warin karkara cikin gadon ƙasa.

Za a ce da ni, kai malam, ai mutanen nan alheri suka kawo, me ya sa za a ɗora musu sharaɗi? Wannan magana tana da ƙarfi, kuma ban raina ta ba. Gidajen da suka kusa rushewa sun tashi. Magina da masu sayar da kayan gini sun sami ciniki. Akwai ƙauyukan da 'ya'yan baƙin nan ne suka cika adadin da ya hana a rufe ajin firamare. Wasu sun buɗe masaukin baƙi, wasu sun farfaɗo da shagon shan kofi da ya shekara goma a kulle. Magadan gari da dama sun yi maraba da su a fili, ƙorafin cewa sun tayar da farashin gida kuma ya fi yawa a wuraren da 'yan gari ma ke neman gida, ba a inda kango ya fi mutane yawa ba. Duk na yarda. Amma sharaɗin da nake magana a kai ba ƙauye ne ke ɗora shi don ya ci tarar baƙo ba. Baƙon ne ke buƙatarsa. Kuɗin gyaran rufi sau ɗaya ake kashe shi, magini ya karɓa ya tafi. Abin da ke riƙe ƙauye mai mutum 300 shi ne wanda zai jera kujeru ranar bikin gari, ya tsaya a gaban dutsen tunawa da mamatan yaƙi ranar 11 ga Nuwamba, ya halarci gaisuwar sabuwar shekara ta magajin gari, ya sayi kalandar 'yan kwana-kwana in sun zo ƙofa a ƙarshen shekara. A waɗannan wuraren ne ake sanin mutum, wanda aka sani kuma shi ake leƙawa in an kwana biyu ba a ga tagarsa a buɗe ba.

Za a kuma ce ai ana iya zama da Turanci zalla, ga shaida. Gaskiya ne akwai shaida. Garin Eymet a Dordogne ya yi suna a kan haka, har da ƙungiyar wasan kurket, ranar Alhamis kuma in kasuwa ta ci Turanci na tashi ta ko'ina. Yankin ma yana da tsohuwar alaƙa da Ingila, domin sarakunanta sun riƙe Aquitaine kusan shekara 300 kafin a kore su a yaƙin Castillon a 1453. Akwai jarida ta Turanci, The Connexion, akwai dillalan gidaje da akantoci da masu aski da ke jin Turanci, ga wayar hannu da ke fassara wasiƙa cikin ƙiftawar ido. Mutum mai lafiya da mota da kuɗi zai iya shekara goma sha biyar a haka bai ji a jikinsa ba. Inda lissafin ke rushewa shi ne asibiti. Tsarin lafiyar Faransa yana da kyau: wanda ya zauna bisa ƙa'ida wata uku yana iya shiga, ɗan fanshon Birtaniya kuma da takardar da ake kira S1 yake shiga, ƙasarsa ta biya. Ganin likita yuro 30 ne tun Disambar 2024, hukuma ta mayar da kashi 70, sauran kuma inshorar ƙari ta cike. Amma karkarar da gida ke da arha ita ce karkarar da likita ya yi ƙaranci, har Faransawa na kiran irin waɗannan wurare hamadar likitoci. Tsohon likitan gari ya yi ritaya babu magaji, na garin gaba ya ce ba ya ɗaukar sababbin marasa lafiya, ba a maganar zaɓen mai jin Turanci. Sannan ka ɗauki daren da miji ya faɗi a banɗaki, matar ta buga lamba 15 ta neman agajin gaggawa. Likita ne zai yi mata tambayoyi ta waya kafin ya yanke ko za a turo mota: yana numfashi, wane gefe ne ya mutu, wane magani yake sha, ina ne gidan. Gidan kuma ba ya kan babban titi, yana ƙarshen wata 'yar hanya da sai ɗan gari ya san sunanta. A wannan minti biyar babu mai buɗe manhajar fassara. Sau da yawa kuma a cikin ma'aurata mutum ɗaya ne ke jin Faransancin, shi ke karɓar waya, shi ke cike takardar haraji, kuma ba a yi alkawari da mutuwa cewa shi za ta bari ba.

Kuɗin ma da ake taƙama da shi ba a hannunsu yake ba. Fansho da fam ake biyansa, cefane da yuro. A 2007 fam ɗaya ya kusa yuro ɗaya da rabi, kafin ƙarshen 2008 sun kusa yin kunnen doki, wato ɗan fansho ya rasa kusan sulusin abin da ke shigo masa ba tare da ya yi komai ba. Bayan ƙuri'ar 2016 ta ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai fam ya sake faɗuwa. A 2015 gwamnatin Birtaniya ta daina biyan tallafin ɗumama gida ga tsofaffinta da ke Faransa, bisa hujjar cewa ƙasa ce mai ɗumi, maganar da duk wanda ya yi hunturu a Creuse zai ji ta da ɗaci. Komawa gida kuma ba sauƙi: gidan ƙauye yakan daɗe a kasuwa, abin da zai kawo kuma ba zai sayi irin gidan da aka bari a Ingila ba.

Sai gado, wanda a ganina nan ne rashin jin harshe ya fi yin ɓarna, domin wanda ya yi kuskuren ba ya nan lokacin da za a biya. A Ingila mutum na da faɗin hannu ya yi wasiyya da dukiyarsa ga wanda ya so. A Faransa 'ya'ya suna da kason da ba a taɓawa: ɗa ɗaya rabi, biyu kashi biyu cikin uku, uku ko fiye kashi uku cikin huɗu. Musulmi mai sauraro ba zai yi mamaki ba, tunda mun san magada da rabonsu, mun kuma san wasiyya ba ta wuce sulusi. Baturen Ingila kuwa abin yakan zo masa a ba-zata, musamman da yake da yawa daga cikin masu wannan ƙaura aure na biyu suke ciki, kowa da 'ya'yansa na fari. Miji ya rasu yana zaton ya bar wa matarsa gida, sai ta tarar tana tarayya a cikinsa da 'ya'yan da ya haifa da wata, waɗanda wataƙila ba sa ga maciji da ita. Tun Agustan 2015 wata dokar Tarayyar Turai ta ba baƙo damar ya rubuta a wasiyyarsa cewa dokar ƙasarsa yake so a bi, amma a 2021 Faransa ta yi dokar da ta ba 'ya'yan da aka cire damar neman diyya daga dukiyar da ke cikin ƙasarta. Harajin gado kuma na Faransa ne ko wace doka aka zaɓa. Matar aure ba ta biyan komai, kowane ɗa yana da rangwamen yuro 100,000, amma agola da ba a mai da shi ɗa a shari'a ba, da abokiyar zaman da ba a ɗaura aure ko yarjejeniyar hukuma da ita ba, har kashi 60 cikin ɗari ake karɓa a hannunsu. Akwai hanyoyin da doka ta halatta na rage wannan, wasunsu kuma tun ranar sayen gida ake shigar da su a takarda. Sai dai notaire tambayar da aka yi masa yake amsawa, wanda kuma bai san akwai rami ba ba zai tambayi inda yake ba.

Hujja ta uku da za a kawo mini ita ce ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai: ai wahalar yau siyasa ce ta jawo ta, ba halin baƙi ba. A nan ina tare da su fiye da rabi. Da yawansu ko ƙuri'ar 23 ga Yunin 2016 ba su samu jefawa ba, saboda dokar ƙasarsu a lokacin ta cire wanda ya wuce shekara 15 a waje. Birtaniya ta fita ranar 31 ga Janairun 2020, daga farkon 2021 kuma komai ya sauya. Mazauna suka nemi katin zama a ofishin wakilin gwamnati na lardi, abin da ba sa buƙata kafin ficewar. Masu gidan hutu suka koma kwana 90 a cikin kowane 180, ƙoƙarin da aka yi a majalisa na sassauta musu kuma kotun tsarin mulki ta soke shi a Janairun 2024. Nama da cuku da aka saba cikowa a bayan mota daga Ingila an hana, kare ma sai da sabuwar takardar likitan dabbobi. Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne rukunin da ya yi duk abin da nake kira a yi. Kafin zaɓen ƙananan hukumomi na 2020 akwai 'yan Birtaniya fiye da 700 da ke kansila a gundumomin Faransa, mutanen da maƙwabtansu suka yarda da su har suka zaɓe su. Waɗanda ba su da takardar zama ɗan ƙasa a cikinsu sun rasa damar sake tsayawa da ta jefa ƙuri'a, kotun Tarayyar Turai kuma ta tabbatar da haka a Yunin 2022. Wannan rashi ne na gaske, ga su da ga ƙauyukan. Amma a lura da wanda guguwar ta fi kayarwa. Wanda yake biyan harajinsa a Faransa, sunansa na cikin tsarin lafiya, magajin gari ya san shi, cikin sauƙi ya tabbatar da zamansa ya karɓi kati. Wanda ya shekara goma da mota mai lambar Ingila, yana komawa can ganin likita, bai taɓa cike takardar harajin Faransa ba, shi ne ya rasa abin da zai nuna.

Saura hujjar da ta fi taɓa zuciya, cewa mai shekara 65 ba ya koyon sabon harshe. Da wuya, ban musa ba, kuma Faransancin manomin Dordogne mai sauri da karin harshen kudu ba shi ne na littafi ba. Amma ƙauye ba ya neman baƙo ya zama malamin nahawu. Abin da zaman ke buƙata shi ne mutum ya iya gaisuwa, ya faɗi inda ke masa ciwo, ya kwatanta hanyar gidansa ta waya, ya karanta wasiƙar hukuma ya gane ko ta gaggawa ce, ya zauna cin abincin bikin gari ya jure sa'a uku yana kuskure ana gyara masa. Wannan yana samuwa a shekara biyu ko uku ga wanda ya fara tun da sauran ƙarfi, kuma a garuruwa da yawa akwai ƙungiyoyin sa-kai da ke koyarwa da ɗan kuɗi kaɗan. Dubbai sun yi, har sun wuce nan sun nemi zama 'yan ƙasa bayan 2016, abin da ke buƙatar zaman shekara biyar da jarrabawar harshe da ganawa da jami'in gwamnati. Su ne yanzu suka dawo da ƙuri'arsu, wasu har da kujerar kansila. Wanda ya ce bari sai gaba kuwa, ƙofar tana ƙara tsukewa a kansa. A 2020 an cire sassaucin da ke yafe wa waɗanda suka haura shekara 60 jarrabawar harshe, dokar shige da fice ta 2024 kuma ta ɗaga matakin jin harshe da ake nema ga mai son zama ɗan ƙasa daga B1 zuwa B2, daga farkon 2026.